Abin da Littafin Bai Faɗa Ba

Matan unguwar Karantina da suka rage a garin nan na ƙasar Larabawa sun yarda da magana ɗaya, kuma dukkansu sun yi kuskure. Wai littafi ne ya tona asirin Ado mai dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya. Na ji an faɗa a gidan suna, na ji a gidan biki, na ji daga bakin yaran da ko tafiya ba su fara ba lokacin da abin ya faru. Ƙarya ce. Littafin nan bai tona asirin kowa ba, don ko ƙarewa bai yi ba. Wani Bature ne na zamanin keken doki da fitilar mai ya rubuta shi, mutuwa ta ɗauke shi labari na tsakiya. Abin da suka ji a matsayin ƙarshensa daga bakina ya fito, ina da shekara goma sha biyar, da shatin wayar lantarki a bayana.

Unguwar da abin ya faru babu ita yanzu. Katafila ta share ta tas. In mutum ya bi ta wurin a mota, fili zai gani shimfiɗe, ba zai ce an taɓa haihuwa ko mutuwa a nan ba. Ni kuwa har yau ina jin ta a kunnena. Da safe mai tankar ruwa ya danna ham, mata su fito da jarkoki, suna zagin juna da Hausa suna ba da haƙuri da Larabci. Mai iskar gas yana bin lungu yana dukan tukunya da ƙarfe. Tsofaffin mukayyif, na'urorin sanyaya ɗaki, suna ƙugi a jikin bango, suna ɗiga ruwa a kan duk mai wucewa. Turmi daga gida uku, kowanne da irin bugunsa, har ki gane wadda ta tashi da fushi. Kiran salla daga masallatai huɗu ya cuɗe da juna, ki rasa wanda za ki amsa. Yanzu muna hawa na huɗu a wani bene a unguwar Aziziyya, ni da Umma. Akwai lifta, ruwa ba ya ɗaukewa, babu ɓera. Shekararmu ta uku ke nan ban san sunan matar da ƙofarta ke kallon tamu ba. A nan in aka kashe mutum a ɗakin kusa, wari ne zai sanar da mu. A can ko atishawa kika yi sai an yi miki addu'a daga gida na biyar. Umma tana kewar wannan, ni ma ina yi wani lokaci. Amma na ga abin da ke kai addu'a gida biyar ya kai ƙarya gida hamsin kafin a kira magariba.

Umma tsire take yi. Tsakar gidanmu bai fi ɗaki biyu girma ba, amma bayan azahar mata biyar ko shida suke cika shi, kowacce da tire a cinya. Wannan na yanka nama fale-fale, wannan na sokewa a tsinken ƙarfe, wannan na birkiɗawa a garin ƙuli da yaji. Hayaƙin gawayi ya kama labule, ya kama katifa, ya kama abayar makarantata har 'yan ajinmu suna toshe hanci. Ni aikina takarda ne. Umma takan sayo tsofaffin jaridu da littattafai buhu guda daga haraj, kasuwar tsofaffin kaya, don naɗe tsire, kuma ba a naɗe nama da takarda sai na duba ta gaba da baya. In akwai aya ko sunan Allah, a ware ta a wani kwali da ke saman firji. Ni kaɗai ce mai karatu a cikinsu. Su kuwa duk abin da aka buga da baƙaƙen Larabci, ko tallan injin wanki ne, da hannun dama suke ɗaukarsa. Gwaggo Asabe, maƙwabciyarmu ta bango ɗaya, takan ce, "Mutum ba zai zauna ya jera waɗannan baƙaƙe a kan ƙarya ba, hannunsa shanyewa zai yi." Ina dariya a raina. Ban taɓa gyara mata ba.

A cikin irin wannan buhu na tsinci littafin. Babu bango, takardarsa ta koma ruwan ƙasa, an fassara shi zuwa Larabci. Labarin wani saurayi ne a wani gari mai sanyi da yayyafi, ya fita daga gida da safe bai dawo ba, sai takalminsa ɗaya aka tsinta a bakin kogi. Mutum uku ake zargi: mai gidan da yake haya, wani likita mai yawan murmushi, da mai keken dokin da ya ɗauke shi ranar. Na cusa shi ƙarƙashin jaridu ina karantawa a sace, har Umma ta kama ni.

"Ya binti, takarda na ce ki duba ko ki haddace ta?"

"Labari ne, Umma. Wani ne ya ɓata."

Gwaggo Asabe ta ajiye tsinken da ke hannunta. "Wa ya ɓata?"

Kowa a tsakar gidan ya san dalilin tambayar. Ɗanta tilo, Musa, yana gyaran kifi a kasuwar kifi. Shekara biyu kafin nan ya shiga dabbab ɗin Ado da safe, 'yar motar ɗaukar kayan nan, bai sake dawowa ba. Ado ya ce a bakin ƙofar kasuwa ya sauke shi. Musa ba shi da iƙama, takardar izinin zama, Gwaggo ba ta da ita, to wa za a je a tambaya, a ce ana neman wa? An sa masu takarda sun leƙa inda ake ajiye waɗanda za a yi wa tarhil a mayar da su gida, an bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya. Ado da kansa ya yi sati yana yawo da Gwaggo a motarsa. Shiru. Aka bar maganar, amma ba a manta wanda ya gan shi ƙarshe ba.

Daga ranar na zama rediyon gidan. In karanta shafi a zuci, in juya musu da Hausa, inda Hausar ta gagare ni in yi da hannu. Wata guda muka yi a haka. Matan da ba sa taya Umma aiki ma suka fara zuwa da shinkafarsu ta tsinta.

"Likitan nan ne," in ji Umma. "Namijin da ke murmushi ba dalili, a bincika ɗakinsa."

"Mai gidan haya ne, wallahi," in ji wata. "Duk halinsu ɗaya, daga nan har ƙasar Turawa."

"Ke don naki ya yanke miki wuta!" wata ta mayar mata.

Rabi, matar Ado, ita ce mai yawan dariya a cikinmu, ita ce kullum mai cewa, "Ku dai ƙyale mai keken doki, talaka ne, abincinsa yake nema." Gwaggo kuwa tambayarta ɗaya ce kowace rana. "Uwarsa fa? Yaron nan ba shi da uwa? Duba da kyau." Na ce mata uwar tana wani ƙauye, ba a cika maganarta ba. Ta ce Turawa ba su san wanda ya kamata a tambaya ba.

Da shafuka suka rage kaɗan na yi musu alkawarin gobe za a gama. Ni ba ni da haƙuri, haka aka haife ni. Ina dawowa daga makaranta, ko abaya ban cire ba na buɗe ƙarshen don in riga kowa sani. Labarin ya tsaya wani mutum yana hawa matakala, hannunsa a kan ƙofa. Shi ke nan. A ƙasa akwai layi uku da ƙananan baƙaƙe, mai fassara yana cewa nan marubucin ya tsaya, ya rasu bai kammala ba, bai kuma bar wa kowa bayanin yadda zai ƙare ba. Na girgiza littafin kamar wani shafi zai faɗo. Na je na sami Umma tana hura gawayi, na gaya mata.

"Littafi ba ƙarshe? Yagewa kika yi, kika naɗe nama da shi."

"Wallahi ban yaga ba. Mutumin mutuwa ya yi."

"Ya mutu, to wa ya buga? Gawarsa?"

"Ga shi nan a rubuce, Umma, duba."

"In duba? Ni kike cewa in duba?"

Wannan ce ta ɓata komai, don Umma ba ta son a tuna mata ba ta karatu. Ta fizgo wayar tsohon mukayyif da ke rataye a ƙusa. Ba kullum take duka ba, amma in ta fara ba ta ƙirge. Ta sami bayana, ta sami cinyoyina, bakin wayar ya naɗo kunnena na hagu har na daina ji da shi zuwa yamma. Tana duka tana faɗa. "Asabe wata guda ke nan tana zuwa da ranta a hannu, tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba, ke kuma ki ce mata babu? Yalla, maza ki nemo shi duk inda kika kai shi. In mata suka zauna ba ki da shi, yau sai na kwantar da ke."

Bayan la'asar tsakar gida ya cika har bakin ƙofa. Na zauna a gefen cinya ɗaya don ɗayar ba ta zaunuwa, na buɗe littafin, na kafa ido a shafin ƙarshe, na fara. Na zaɓi mai keken doki. Zan iya cewa don shi ya fi sauƙi, amma ban zauna rubutun nan don in wanke kaina ba. Sati biyu kafin nan Ado ya gan ni a baƙala ina hira da mai shagon fuskata a buɗe, ya kawo wa Umma rahoto, na sha mari a gaban mutane. Ina jin haushinsa. Kuma ban san kogin Turawa ba, ban taɓa ganin keken doki ba, don haka na cike gurbin da abin da na sani. Na ce sun yi cacar baki a hanya, ya buga masa ƙarfe a ƙeya, ya lulluɓe shi da buhu, ya kai shi inda ruwa ke da zurfi bayan kasuwa. Na ce tun daga ranar yake wanke kekensa sau biyu a yini, don yana ganin jini a inda babu. Duk unguwa ta san Ado na wanke dabbab ɗinsa safe da yamma saboda ƙarnin kifi. Na ga mata suna kallon juna, daɗi ya kama ni, na ƙara. Na ce har ya riƙa ɗaukar uwar yaron yana yawo da ita neman ɗanta. Wannan ta ƙarshen, da ta fito daga bakina ni ma sai da ta ba ni tsoro.

 Rabi ta miƙe, tirenta ya zame, nama ya watse a ƙasa, ta fita ba ta tsaya ɗauka ba. Gwaggo ta miƙo min hannu biyu. "Ba ni." Ta karɓi littafin ta sumbace shi, ta ɗora a goshi. "Shekara biyu ina roƙon Allah ya nuna min. Ashe a buhun takarda zai aiko."

Na buɗe baki in ce ni na ƙirƙira. Na hango wayar a kan ƙusa. Na rufe.

Washegari babu makaranta. Da hantsi ina zaune a bakin ƙofa da buhun takarda, Ado yana tsugune gaban gidansa yana wanke mota da tiyo, daga shi sai singileti da zane a ƙugu. Sai ga Gwaggo ta ɓullo daga lungu, 'ya'yan ƙanenta biyu na biye da ita, mahauta ne, ɗaya riƙe da bututun ƙarfe, ɗaya da ƙarfen ɗaga taya. Ita kuma tsinken tsire ne a hannunta, na Umma.

"Ina Musa?"

Ado ya ɗago yana murmushi. "Gwaggo, an tashi lafiya?"

Bututun ya same shi a baki. Na ji ƙarar kamar an fasa kwakwa. Ya faɗi a cikin ruwan da yake wanki, ya yunƙura, ƙarfen taya ya sauka a haƙarƙarinsa sau uku. Maza suka fito daga gidaje da shaguna, wasu da niyyar rabawa. Ado yana tofar da jini yana ihu, "Ku kawo Alƙur'ani in dafa! Wallahi a ƙofar kasuwa na sauke shi!"

"Littafi ya riga ya faɗa," in ji Gwaggo.

Wani dattijo da ya riƙe hannun mai bututu ya ce, "Wane littafi, Hajiya?"

"Na Larabci! A gaban mata ashirin aka karanta!"

Na ga hannun dattijon ya saki. Waɗanda suka zo rabo suka ja baya, wasu kuma suka matso da duwatsu. Aka ɗora hannun daman Ado a bakin ƙofar motar, aka rufe ƙofar a kai, aka buɗe, aka sake rufewa. Gilashi ya tarwatse. Rabi ta fito da gudu ba mayafi, ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, dutse ya sami bakinta ya zubar mata da haƙora biyu, aka ja ta da gashi aka yar gefe. Gwaggo, tsohuwar da ba ta iya ɗaukar jarka, ta durƙusa a kan ƙirjinsa ta ɗaga tsinken. Ban kau da kai ba. Ya shiga ta idon hagu. Tiyo bai daina zuba ba duk tsawon wannan, ruwan ya kwaso jini ya gangaro ta lungu har ya jiƙa ƙasan buhuna.

A cikin ihun Ado ya hango ni da idon da ya rage. "Ke, 'yar makaranta! Ke kin iya karatu! Gaya musu, don Allah, gaya musu me aka rubuta!"

Mutane suka juyo. Na ja buhuna na shiga gida, na sa sakata.

Da jiniyar 'yan sanda ta matso kowa ya watse, don rabin masu kallo ba su da takardar nunawa. Shi ma Ado iƙamarsa ta mutu tun rasuwar kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, daga asibiti sai tarhil. Rabi ta zauna da 'ya'ya uku saboda ita tana da tata, tana aikin gidan wasu Larabawa. Ba a sake zama kusa da ita a biki ba. In yara suka yi faɗa da nata, kalma ɗaya ce ke raba gardama: ɗan mai kisa. Musa kuwa har yau ba wanda ya san inda yake. Na ci gaba da duba takarda gaba da baya, ina ware sunan Allah a kwali, har ranar da aka zo aka shafa jan fenti a bangonmu aka ce mu tashi.

Watan jiya Ado ya rasu can garinsu, da ido ɗaya da hannun da ba ya riƙe cokali. Rabi ta zauna makoki a ɗakinta na unguwar Sa'alaba. Mu biyar muka je daga tsohuwar unguwa. A kan matakala wata ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Allah ya jiƙansa dai, amma ai littafi ya faɗa." Rabi ta ji. Ta zuba min gahawa da hannunta, ta tura min dabino, ta yi murmushin nan mai giɓi. "Sha, 'yata. Ke ba ki da laifi, abin da kika gani kika karanta." Na sha. 

Da na dawo gida na sami Umma tana ninke wanki. Ban yi sallama ba.

"Umma, ƙarshen littafin nan ni na ƙirƙira."

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

"Kin sani?"

"Ba na karatu, amma ina da ido. Rabin awa kina kan shafi ɗaya, ba ki juya ba."

"Kika yi shiru? Kina cikin gida kina jin ihunsa!"

"In fita in ce me? In ce 'yata ce ta yi ƙarya? Bututun nan kanki zai dawo. Na zaɓi 'yata, kuma ko yau ita zan zaɓa." Ta buga zanen da ke hannunta a kan gado. "Halas, ya wuce. An rushe unguwa, mutumin ya mutu. Ki bar shi."

"Rabi ba ta mutu ba. 'Ya'yansa ba su mutu ba."

"Asabe fa? Da wannan take tsaye. Ta san wanda ya kashe ɗanta, ta rama, tana barci. In kika ƙwace mata, ɗanta ya sake ɓata, ga idon mutum a wuyanta. Tsohuwar nan ba za ta kai azumi ba. Kisa na biyu kike nema?"

 Gaskiya ta faɗa. Na auna abin sati uku, wanda a wurina kamar shekara ne, ban sami hanyar da kowa zai tsira ba. Amma Gwaggo ta sami shekarunta na barci a kan ƙaryata, su kuwa 'ya'yan Ado ba su sami ko rana ɗaya ba, kuma babbar 'yarsa tana da ciki. Ba zan bari jikansa ya gaji sunan nan ba.

Gwaggo tana nan a Sa'alaba, wajen ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙanen nata. An ce ranar tashi ta bar gadonta da tukwanenta, amma ta fito da littafin naɗe cikin sallaya, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa shi. Duk Juma'a bayan la'asar matan tsohuwar unguwa suna haɗuwa a ɗakinta. Ba ni zan karanta ba, bakina ya gama aiki a kan littafin nan. Matar ɗan ƙanen nata haifaffiyar nan ce, ta yi makaranta. Zan faɗi abin da na yi a tsaye, da Hausa, in ce a kwance sallayar a ba ta, ta karanta layi ukun nan da ƙarfi kowa ya ji.

Na gaya wa Umma ba sai ta raka ni ba. Ranar Alhamis zan fara zuwa wajen Rabi, ita ya kamata ta fara ji, ba a bakin taro ba. Duk abin da hannunta ya kai gare shi ta ɗauka, ba zan kare fuskata ba. In ta bar min ƙafafun tafiya, zan roƙe ta ta zo Juma'a ta zauna a gaba.